Yadda ake haɗa mohito na na'ana'a da lemon tsami a gida

Tun ranar walimar ƙanwata da na haɗa wannan abin sha a manyan jug guda biyu wayata bata huta ba, wannan tace Anti don Allah me kika saka a lemon nan, waccan tace ita ta gwada a gida ya fito mata kore shar kamar miyar kuka ga uban ɗaci, wata ƙawar mamanmu ma har gida ta turo 'yarta da biro da takarda wai ta rubuto mata. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi tun daga kasuwa har zuwa baki. Maza kuyi haƙuri da "ki" zanyi magana, amma ku ma babu abinda zai hanaku shiga kicin ku haɗa.

Sunansa mohito, a rubuce zaki ga mojito amma masu abin Sifaniyanci suke yi kuma su j ɗinsu kamar h take fita. Ɗan ƙasar Kyuba ne, kuma na asalin abu biyar ne a ciki, na'ana'a, lemon tsami, sukari, ruwan soda sai farar ram, wato giyar da ake yi da rake. Eh giya ce sosai, don haka tun yanzu ki riƙe wannan, in kinje otal ko wani gidan abinci a Abuja ko Legas ko ƙasar waje kika ga mojito a jerin abin sha karki ce a kawo kawai, sai kin ce virgin mojito, shine mara giya. Nawa da nake haɗawa mara giya ne, a mataki na shida zan nuna miki inda su suke zuba tasu da abinda ni nake sakawa a gurbinta.

Kayan da zaki tanada

Na kofi ɗaya nake lissafi, dogon kofin gilashi mai cin kamar mil 300 zuwa 350.

Ganyen na'ana'a ɗanye guda 10 zuwa 12, da kan reshe ɗaya mai kyau na ado. Ruwan lemon tsami cokalin cin abinci biyu, wato mil 30. Ruwan sukari cokali ɗaya da rabi. Ruwan rake cokali uku in zaki saka, bayaninsa yana mataki na shida. Ruwan soda mai sanyi kamar mil 100 zuwa 120. Ƙanƙara cikin kofi. Gishiri ɗan abinda yatsu biyu zasu ɗauka.

Kayan aiki kuwa babu wanda sai kin siya. Wuƙa mai kaifi, katakon yanka, ƙaramar rariya, dogon cokali, tsumma mai tsafta ko sabon tawul ɗin kicin, taɓaryar ƙaramin turmi don fasa ƙanƙara, sai abin danna ganye. Masu sana'ar suna da ɗan sandansu na musamman amma ni da ƙotar muciya nake yi, sabuwa dai wacce bata taɓa shiga tukunyar tuwo ba. Karki kuskura ki ɗauko taɓaryar da kike daka tafarnuwa da attaruhu ki danna na'ana'a da ita, ko sau goma kika wanketa katako baya sakin wari, zaki sha mohito mai ɗanɗanon jajjage. Awo kuma in baki yarda da cokulanki ba ki nemi ɗan kofin nan na roba da yake zuwa da maganin yara mai alamar mil 5, 10, 15, ki wanke shi tas ki ajiye shi na kicin kawai.

Kofin ya zama mai kaurin gindi. Irin siraran nan na ado da ake jerawa a kabet na taɓa fasa ɗaya a hannuna wajen dannawa.

1. Zaɓen na'ana'a da wanketa

Anan rabin aikin yake. Ɗanya zaki nema, busasshiyar da ake sakawa a shayi bata yi ko kaɗan, ita sai da ruwan zafi take sakin ƙamshi. Wajen masu kayan lambu a kasuwa ake samu, inda ake saida latas da kabeji da karas, ki tafi da safe kafin rana ta dafata. Ki tsinki ganye ɗaya ki murza a yatsa ki sunsuna, in ƙamshin bai daki hancinki nan take ba ki wuce gaba. Ki duba kar a haɗa miki da ɗoɗɗoya, wasu yaran masu tiren basa bambancewa, ita ɗoɗɗoya ganyenta ya fi faɗi kuma ƙamshinta na farfesu ne. Na'ana'a mai ɗan kurajen ganye mai sanyin ƙamshi kike so, ba mai baƙin ɗigo ba ba wacce ta fara rawaya ba, kuma wacce ta fara fure ganyenta yakan yi ƙarfi, ki barta.

In kin dawo gida ki zuba ruwa a roba ki tsomata ki girgiza a hankali, ki ɗagota ki zubar da ruwan, ki maimaita har sai kin daina ganin yashi a ƙasan robar. Ki tuna ɗanya za'a shata ba dafawa za'ayi ba, kuma ba kowanne lambu ake ba ruwa mai kyau ba, saboda haka wanki na ƙarshe da ruwan sha zakiyi shi. Banda cuɗawa kamar alayyahu, duk inda kika murje ganyen a wanki ƙamshin ya tafi cikin ruwan wankin.

In ta yi laushi a hanya karki zubar, ki yanke ƙasan reshen kaɗan ki tsomata gaba ɗaya a ruwan ƙanƙara na minti 10 zuwa 15, zaki ga ta miƙe kamar yanzu aka tsinkota. Ajiya kuma ki naɗeta a tsumma mai ɗan danshi ki saka a leda ki sa a ƙasan firij wajen kayan miya. Karki sa a firiza kuma karki jingineta da bangon baya na firij, sanyi mai yawa baƙi yake maida ita.

Wani abu da nake faɗa wa kowa, ki ware reshe biyu ko uku ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa kusa da taga, cikin sati ɗaya zuwa biyu zaki ga saiwa ta fito, sai ki dasa a tsohon bokiti. A bokiti fa nace, in kika dasata a ƙasa sai ta cinye miki filin gaba ɗaya.

2. Dafa ruwan sukari

Mutanen Kyuba da yawa garin sukari suke zubawa kai tsaye a kofin, ya halatta, amma matsalar shine sukari baya son narkewa a ruwan sanyi, sai ki sha sama tsami zalla ki tarar da yashin sukari a ƙasa. Shi yasa ni nake dafa shi tukunna.

Gwangwanin madara ɗaya na sukari, gwangwani ɗaya na ruwa, ko wane mazubi kika ɗauka dai ɗaya da ɗaya. Ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa, da zarar kin daina ganin ƙwayar sukari ruwan ya koma garau ki sauke, baya wuce minti uku zuwa biyar. Ba alawa kike dafawa ba, in kika barshi yana tafasa zai yi kauri ya canza kala kuma in ya huce ya daskare miki a kwalba. Ki barshi ya huce sarai kafin ki taɓa shi, da zafi in ya haɗu da na'ana'a dafata zaiyi ta koma ruwan ƙasa, ya kuma narkar da ƙanƙararki. A kwalba mai tsafta mai murfi cikin firij yana kaiwa wajen wata ɗaya, amma da irin wutarmu da ake kawowa ana ɗaukewa ni bana yin wanda zai wuce sati biyu, kuma da na ga ya fara hazo na zubar.

Masu son zuma zasu iya, sai dai a sirkata da ruwan ɗumi ɗaya da ɗaya, kuma ki sani ƙamshin zuma zai danne na'ana'ar kaɗan.

3. Matse lemon tsami

Lemon tsaminmu ƙanana masu siririn ɓawo sune daidai, ba manyan nan masu rawaya na kanti ba. Ki zaɓi masu santsin fata masu nauyi a hannu, wanda ya yi tauri kamar dutse babu ruwa a cikinsa. Ki wanke, ki ɗora akan katako ki murza da tafin hannu kina dannawa, ki raba biyu ki matse ta cikin rariya saboda 'ya'yan. Mai kyau guda ɗaya yana bada kamar cokali ɗaya, kinga kofi ɗaya lemo biyu kenan, in ƙanana ne sosai uku. Karki ce lemo biyu shikenan ki zuba ido rufe, ki auna ruwan, lemo ba girmansu ɗaya ba.

A nan mutane suke jawo wa kansu ɗaci na farko, matsewa har sai ɓawon ya juye. Farin nan na cikin ɓawo ɗaci ne da shi, in ruwa ya daina zuba da sauƙi ki yar ki ɗauki wani. Kuma ki matse a ranar da za'a sha, wanda ya kwana ɗanɗanonsa ya canza, na kwalba da ake saidawa a kanti kuwa ni ko kyauta aka bani bana sakawa. A kofin gilashi ko roba zaki tara, banda kwanon alminiyam, tsami yana cinsa ya baki ɗanɗanon ƙarfe.

In kin gama ki wanke hannunki da sabulu kafin ki fita rana. Ruwan lemon tsami in ya bushe a fata rana ta dake shi yana ƙona wajen ya bar baƙin tabo da yake daɗewa bai goge ba, musamman masu matse guda hamsin na biki a tsakar gida.

4. Ƙanƙara

Ƙanƙarar nan zata narke ta zama rabin abinda kike sha, don haka ruwan da ba zaki iya sha ba kar ya zama ƙanƙararki. Manyan bulo ɗin da ake saidawa a bakin titi na sanyaya lemon kwalba ne a kula, baki san da wane ruwa akayi ba. Mafi sauƙi ki wanke ledojin fiya wata ki jera a firiza su daskare, in lokaci yayi ki yage ledar ki naɗe ƙanƙarar a tsumma mai tsafta ki bubbuga da taɓarya. Girman gyaɗa zuwa girman goro kike so, ba gari ba. In ta zama gari kamar ta bilenda kafin ki kai kofin falo ta narke, abin ya zama salam. Tsumman yana da amfani biyu, yana hana ta tsalle ko'ina yana kuma shanye ruwan da ya narke.

Ki fasa ta a ƙarshe dab da haɗawa, sannan in da wuri a firiza ki saka kofunan su ɗan yi minti goma.

5. Danna na'ana'a, inda kowa yake ɓata abin

Yawwa, ki nutsu anan. Ki tsinke ganye 10 zuwa 12 daga reshe ki zuba a gindin kofin, ki zuba ruwan sukari cokali ɗaya da rabi a kai, sai ki ɗauki ƙotar muciyarki ki danna a hankali ki ɗan murɗa, sau huɗu ko biyar, shikenan kin gama. Wallahi shikenan. Ki kai hancinki bakin kofin, in kinji ƙamshi ya taso aiki yayi. Ganyen ya kamata ya fito da siffarsa, ya ɗan yi laushi ya ɗan yi duhu amma bai yage ba.

Dalili kuwa, man da yake bada ƙamshin a fatar ganyen yake, a wasu 'yan ƙananan jakunkuna da ido baya gani, taɓawa kaɗan suke fashewa. Abinda yake can cikin ganyen shine koren ruwan nan mai ɗaci mai warin ciyawa. Mu kuma hannunmu ya saba da daka, an bamu taɓarya da ganye sai mu ga kamar daddawa ce, mu kirɓa har sai ya zama kwaɓi, toh duk wacce tace min nata yayi ɗaci kafin ta gama bayani na san abinda tayi. Masu zubawa a bilenda kuma su markaɗa da ƙanƙara, wannan wani abin sha ne daban, lemon na'ana'a ne irin na Larabawa, yana da daɗinsa in an sha nan take amma ba mohito bane, kuma in ya ɗan zauna zai rabu biyu kore a sama ruwa a ƙasa. Ga kuma guntayen ganye da suke toshe tsinken sha su maƙale a haƙori, baƙuwa tana miki murmushi da kore a baki.

Bayan kin danna sai ki zuba ruwan lemon tsami cokali biyu da ɗan gishirin nan ki juya. Gishirin ba don aji shi bane, yana kwantar da kaifin tsamin ya fito da zaƙin, in har aka ji gishiri kin zarce.

Wasu suna yanka lemon gida huɗu su danna shi tare da ganyen saboda ƙamshin ɓawo. Yana da daɗi in an iya, amma ƙarfin da lemo yake buƙata kafin ya saki ruwa ya fi ƙarfin na'ana'a, so in zakiyi haka ki fara danna lemon da ruwan sukari shi kaɗai, sannan ki zuba ganye ki ɗan taɓa shi. Kuma irin wannan sai a sha da wuri, ɓawo in ya jima a ciki ɗaci yake saki.

6. Gurbin ram

A Kyuba, da duk inda ake haɗa na asalin, a daidai nan ake zuba farar ram, bayan an danna ganye kafin ƙanƙara da soda. Awon da ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya ta rubuta shine mil 45 na ram, mil 20 na ruwan lemon tsami, ƙaramin cokali biyu na farin sukari, reshen na'ana'a shida sai soda. Fara ake sakawa, baƙar ko mai kayan ƙamshi tana danne na'ana'ar ta ɓata kalar. Na kawo wannan ne saboda akwai abokan zama da ba musulmi ba da suka tambaya, kuma su ma abinda zance musu ƙarfin ram wajen kashi 40 cikin ɗari ne, zaƙi da sanyi suna ɓoye shi mutum yana sha kamar lemo, babu tuƙi bayansa, babu mai ciki babu yara, kuma in taro ya haɗa mutane kar a ajiye jug biyu masu kama ɗaya ba alama.

Mu kuma da bamu sakawa, gaskiya in ka cire abu mil 45 baka maye da komai ba abin yana fitowa sakayau kamar ruwa. Tunda ita ram ɗin daga rake aka samota ni ruwan rake nake zubawa cokali uku, sai in rage ruwan sukari tun a mataki na biyar ya koma cokali ɗaya. Ki fere rake ki yanka ƙanana ki markaɗa da ɗan ruwa kaɗan ki tace a ƙyalle, amma a lokacin zakiyi don baya jimawa yake yin duhu, in kin ɗiga masa lemon tsami yana ɗan riƙe kalarsa. Lokacin da babu rake ruwan tuffa na kwali yana yi, cokali uku shima. In kina son ɗan zafin nan a maƙogwaro ki yanka ɗanyar citta siriri guda biyu ki danna ta tun farko kafin ganye.

Hattara da wani abu, akwai masu cewa a ɗiga Angostura bitters, ƙaramar kwalbar nan mai babbar takarda da ake sakawa a Chapman. Ki juya kwalbar ki karanta, kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce. Mutane da yawa basu sani ba.

7. Ƙanƙara, soda, juyawa

Ki cika kofin da ƙanƙara har kusan baki, karki yi rowa, ƙanƙara kaɗan ita ce take saurin narkewa, mai yawa tana riƙe junanta. Sai ki buɗe soda a lokacin, ki karkata kofin kaɗan ki zuba a hankali ta gefe. Sodan ya zama ya yi sanyi sosai tun a firij, mai ɗumi da ya taɓa ƙanƙara zai yi kumfa fuuu gas ɗin ya gudu.

Ki karanta jikin gwangwanin da kyau. Soda water kike nema, ba tonic ba, ba bitter lemon ba, kamfani ɗaya ne yake yinsu kamar Schweppes kuma a jere suke a kanti, yaron da kika aika zai iya ɗauko miki kowanne. Tonic akwai kwinin a ciki, ɗaci ne da shi. In soda ya gagara ki saka Sprite ko 7Up amma ki cire ruwan sukari gaba ɗaya ko ki bar rabin cokali na danna ganye kawai, in ba haka ba zaƙin sai ya hau miki kai. Ni a ganina da Sprite abin yana komawa lemon yara, amma yara kuwa shi suka fi so.

Ki zura dogon cokali har ƙasa ki ɗago abinda ke gindin zuwa sama, sau biyu ko uku, ba juyin koko ba. Ki ƙara ƙanƙara a sama in ta sauka. Sai ki ɗauki kan reshen nan da kika ware ki ɗora a tafin hannu ki tafa sau ɗaya, ki soka shi a kofin dab da tsinken sha, yadda duk kurɓar da mutum zaiyi hancinsa yana kan ganyen. Wannan ba ado bane kawai, yawancin abinda muke ce wa ɗanɗanon na'ana'a da hanci ake jinsa.

8. Ki ɗanɗana kafin ki miƙa

Yayi tsami da yawa, ƙaramin cokali ɗaya na ruwan sukari. Yayi zaƙi, ki matsa rabin lemo. Yayi salam, ko ƙanƙarar ta yi gari ko sodan ya yi yawa, ki ƙara lemo da sukari tare. Babu ƙamshi, ki tafa ganye uku ki tura ciki. Yayi ɗaci, wannan kam ba gyara, ƙarin sukari baya ɓoye shi, ki haɗa wani ki sassauta hannu.

Masu olsa da masu ƙwannafi ku yi a hankali, tsami da gas da na'ana'a duk suna iya tayar da shi. Da azumi ma kar a buɗe baki da shi ciki ba komai, a fara da dabino da kunu tukunna.

9. In na taro ne

Ba zaki tsaya danna kofi ashirin ɗaya bayan ɗaya ba baƙi suna jira. Na mutum 20 ki tanadi ruwan lemon tsami mil 600, wato ki siyo lemo kamar 50 don wasu zasu baki kunya, ruwan sukari mil 450, soda gwangwani 7 masu mil 330, na'ana'a kuma babban dami biyu, ɗaya na ciki ɗaya na sama.

Ki zuba ganyen dami ɗaya a jug da ruwan sukarin mai sanyi ki danna a hankali, ki rufe ki sa a firij minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan ki tace ganyen ki zubar ki haɗa da ruwan lemon. Tacewar nan dole ce, ganye in ya zauna cikin tsami yana komawa kalar ƙasa, ni na koyi wannan ne ranar wani suna da na haɗa komai tun ƙarfe goma na safe saboda zumuɗi, kafin la'asar jug ɗin ya koma kamar ruwan wankin shayi, haka na zubar na koma dafa zoɓo a gurguje. Wannan haɗin shine uwar, ki ajiyeta a sanyi. In baƙi sun zauna kowanne kofi cokali uku da rabi na uwar, sabon ganye huɗu da kika tafa, ƙanƙara, soda a kai. Soda da ƙanƙara basa shiga jug sai in a take za'a zuba wa mutane a shanye.

In zaki canza masa fuska, kankana ko abarba ko mangwaro ko kokwamba, ki yanka ƙanana kamar cokali biyu ki fara dannasu kafin ganye ki rage sukari. Zoɓo da aka dafa da kauri ba sukari cokali biyu yana bada ja mai kyau, shi kuma sai ki rage lemon tsami tunda da tsaminsa ya zo.

10. Lissafin kuɗi

Abinda yake cin kuɗin soda ne da ƙanƙara, sauran basu kai sun kawo ba. Gwangwani ɗaya mai mil 330 kofi uku yake yi, so ki raba kuɗinsa uku. Sukari kilo ɗaya da ruwa lita ɗaya yana bada ruwan sukari wajen lita ɗaya da rabi, wannan ya haura kofi 60. Lemo biyu zuwa uku a kofi, kuma farashinsa yana hawa da sauka da lokaci, in zaki siya da yawa ki siya a kwano ko kashi ba ɗai-ɗai ba. Ledar fiya wata ɗaya in ta daskare tana cika kofi biyu. Na'ana'a in kin dasa a bokitin nan kyauta ce.

Masu son su saida, ku saka kuɗin kofin roba da murfi da tsinken sha da man janareta a lissafi, nan ne riba take zurarewa ba'a sani ba. Kuma kar ku karɓi odar da za'a haɗa a ɗora a babur a kai unguwa mai nisa, kafin ya isa gas ya fita ƙanƙara ta narke, sunanki ne zai ɓaci. In dole sai an kai, ki zuba uwar a ƙaramar gora mai murfi, ganye a ledarsa da ɗan danshi, soda a gwangwaninsa ba'a buɗe ba, ƙanƙara a kula, ki rubuta musu a 'yar takarda cokali uku da rabi a kowane kofi su haɗa da kansu a can.